Gwaggo Tabawa da Cokalin Gaisuwa

Duk wanda ya ci abincin rana a makarantarmu ta bayan Gar, tashar jirgin ƙasa ta Paraku, ya san cokalin nan. Ɗan mitsitsin cokalin shayi ne, bakinsa ya lanƙwashe, kullum a soke cikin ɗaurin ɗankwalin Gwaggo Tabawa, kamar yadda tela yake saƙale fensir a bayan kunne. Ko gidan biki za ta je, ta ci ado ta yafa mayafi, sai ka hangi wutsiyarsa tana ƙyalli a saman kunnenta. Wata rana a wurin suna a unguwar Gema, wata baiwar Allah ta matso ta yi mata raɗa, "Gwaggo, kin manta da cokali a kanki."

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke dai kika manto naki a gida."

Ranar da muka taru a garin Jugu wurin addu'arta, ku tsofaffin 'yan kantin, ɗakin cin abincin makarantarmu, kuka sa ni gaba, wai ni ce malama, ni na kwana ɗaki ɗaya da ita, ni zan rubuta. To ga shi na rubuta. Wanda ya ga kamar na yi ƙari, ya tuna Gwaggo ba ta buƙatar ƙari. In ma akwai abin da na yi, ragewa na yi.

Bayan cokalin, abin da aka fi saninta da shi shi ne gaida abinci. Ba bisimilla nake nufi ba, wannan kowa yana yi. Gaisuwa sosai, irin ta mutum da mutum. A zangon Jugu aka haife ta, babanta mai masauki ne, a gidansa fataken goro suke sauka. Ta tashi ta ga yadda ake yi da baƙo: ranar da ya iso ba a yi masa zancen ciniki, a gaishe shi, a ba shi ruwa, a bar shi ya huta, sai daga baya a tambayi garinsu da iyayensa. Motoci suka kashe harkar fatake, aure ya kawo ta Paraku, mijin ya rasu, ta kama girki a kantin ɗin makaranta. Amma ɗabi'ar masauki ba ta sake ta ba. Da ta rasa fataken da za ta sauke, sai ta koma sauke abinci.

Ni kuwa, ba don wannan ɗabi'a tata ba, da ban iya riƙe alƙalamin da nake rubutu da shi yanzu ba.

Innata ta rasu ina ƙarama, a ƙauyenmu can wajen Dogon Dutsi. Baba direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana lodi a Gar, inda jirgin Kwatano yake ƙarewa, ya haura da kayan Nijar. Ba shi da zama, sai ya ɗauko ni ya kawo wa Gwaggo, 'yar'uwarsa ta wajen uwa, ita kuma ta sa ni lekol inda idonta zai riƙa kaina. Makaranta ta shiga raina tun ranar farko. Ɗan allon nan baƙi da alli, da kakin da aka ɗinka ya yi mini yawa, har waƙoƙin juyin juya halin da muke rerawa da safe ba mu san ma'anarsu ba, duk ina so. Abu ɗaya ne ya gagara, abinci. Ni 'yar gero ce. Fura na sani, da tuwon gero, da kunu, sai ga ni a garin da doya take sarauta. Sakwara na gan ta kamar curin sabulu. Wasa-wasa, dambun garin doya, baƙi ƙirin, na ce daga murhu aka kwaso shi. Wagashi kuwa, cukun nan na Fulani da ake rina bayansa ja, na rantse ɗanyen nama ne. In aka zuba mini sai in harɗe hannuwa in kafa wa bango ido. Furar da Gwaggo take dama mini safe da yamma ita ta riƙe ni, ita ɗin ma kurɓa nake yi. Na rame har kakin ya koma kamar an rataye shi a ƙusa.

A lokacin kowace makaranta tana da gonarta, ɗalibai ke nomawa. Wata rana muna cire ciyawa a kunyoyin doya na ga gari ya juya, na farka a kan cinyar Gwaggo ana yayyafa mini ruwa. Aka yi rashin sa'a Baba yana gari. Ya zo har Gema, ya tsuguna ya kama tsintsiyar hannuna ya jinjina ta.

"Yaya," ya ce, "ɗiyar ga ba ta cin komi. In na komo daga Yamai na iske ta haka, gida za ni mai da ta, wajen kakarta. Ta sha hura ta rayu. Lekol ba ta hi rai ba."

Ƙauyenmu babu makaranta, kowa ya sani, har ni. Na fashe da kuka.

Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. "Tashi ka kama motarka, Idi. Yarinya baƙuwa ce, ba ta gama hutawa ba."

"Na dai hwaɗa miki," in ji Baba, ya shuri takalmansa.

Cikin kwanakin ne aka kawo buhunan nan. Kun tuna su? Farfasasshiyar alkama ce ta taimako daga ƙasashen waje, ba shinkafa ba, ba tsaki ba, mu dai bulgur muka ji direkta, shugaban makaranta, yana cewa. Direktanmu mutumin kudu ne, dogo, mai kirki ƙwarai, sai dai son oda kamar soja. Zamanin ne da kowa ya zama kamarad, daga manyan gwamnati har mai gadi. Gwaggo kaɗai ta ƙi. Ranar da ya fara ce mata "Kamarad Tabawa", ta ajiye muciya ta ce, "Tabawa gatsal? Ni da na girmi uwarka?" Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka daidaita a kan "Kamarad Gwaggo", haka kuma ya kira ta har aka yi masa canji.

Aka sauke buhunan a ƙofar sito. Gwaggo ta zagaye su, ta dafa ɗaya kamar ta dafa kafaɗar mutum.

"Sannunku da zuwa. Sannu da hanya. Teku kuka ƙetaro? Kai, kun sha tafiya! Jirgin Kwatano bai jijjiga ku da yawa ba?"

Direkta ya duba agogo. "Kamarad Gwaggo, vite, vite! Yau za a dafa."

"Yau? Ina! Ba a dafa baƙo ranar da ya sauka."

"Buhu ne fa, Kamarad Gwaggo!"

"To buhun ma ya kwana."

Ya yi Faransanci, ya koma yaren Dendi, ya kawo zancen jama'a da aiki tuƙuru. Gwaggo ta kulle sito ta ɗaure makullin a bakin zani. Ranar teba da miyar kuɓewa aka ci.

Washegari ya shigo da sabuwar doka, don ya ji labarin wata makaranta inda yara suka zubar da bulgur ɗin a bayan aji. Ya ce abincin jama'a ne, babu yaron da zai tashi sai kwanonsa ya yi fes, kuma da kansa zai zo ya duba. Na ce a raina yau tawa ta ƙare. Gwaggo ta ce, "An gama, Kamarad." Yana juya baya ta zare cokalin daga ɗankwali.

Ta dafa abincin kullum a babbar tukunya, bulgur kuwa a wata 'yar tukunya da ko ƙaramin gida ba za ta isa ba. Muka yi layi da kwanoninmu. Kowa aka ɗiga masa cokali ɗaya a tsakiyar kwano, kamar ƙwayar magani.

"Ku saurara," ta ce. "Ba cewa na yi ku ci ba. Cewa na yi ku gaishe shi."

Muka haɗa baki, ana ƙyalƙyala dariya, "Sannu da zuwa!"

"Ku tambaye shi hanya."

"Ya hanya?"

"To ku shinshina. Wanda ya ga zai iya, ya taɓa da harshe. Wanda ya ji bai yi masa ba, ga gindin mangwaro can, ya je ya juya baya ya tofar da ladabi, kada baƙo ya gani ya ji kunya."

Wa zai ji tsoron cokali ɗaya? Kafin ƙiftawar ido kwanoni sun yi fes. Direkta ya zo ya bi layi yana leƙawa, hannu a baya, ya ce "Bravo!" Sai da ya tafi aka zuba abincin gaske. Ni ban taɓa nawa ba, na dai ce masa sannu ciki-ciki. Bake, 'yar ƙabilar Bariba da muke zama benci ɗaya, ita ta lashe mini. Gwaggo ta gani, ta kau da kai.

Wani daga baya ya ce, "Gwaggo, ƙari!" Ta ce, "Ƙari? Yau gaisuwa ce, ba walima ba." Mutane suna cewa hikima ce. Ni da na zauna da ita na san rabinta rowa ce. Gwaggo ba ta iya ganin an zubar da ƙwayar abinci ta yi barci. Ita ce fa matar da take wanke tukunya ta ba kaji ruwan, sannan ta tsaya a kansu ta tabbatar sun shanye! Amma rowar ta yi aiki. Yau cokali, gobe a ɗan ƙara, kullum ana tashi da kwaɗayi. Ba a jima ba sai da ta koma raba faɗa a kan ƙanzon bulgur.

Abin ya bi yara har gida. Iyaye suka fara kawo ƙara, wai an ajiye tuwo, yaro ya tsuguna yana tambayarsa mutanen gida. Har malamin da yake ba mu karatun Alƙur'ani da yamma a Gema ya tako da kansa, da carbinsa a hannu, ya tsaya a bakin madafa.

"Gwaggo, na ji wani abu. Wai yara suna gaida abinci?"

"Suna yi, Malam."

"Ban gan shi a littafi ba."

"Ni ma ban gani ba, ban iya karatu ba. Amma Malam, wa ya yi doya?"

"Allah."

"Wa ya aiko ta har kwanonka?"

"Allah dai."

"To a aiko maka abu daga can, ka tarbe shi da yatsina?"

Malam ya ja carbi, ya ja gemu, ya ce shi dai a fara da bisimilla. Gwaggo ta ce ai wannan ko ba a faɗa ba. Aka tsaya a nan, bisimilla a gaba, sannu da zuwa a baya. Zai tafi ta ɗiga masa cokalin wasa-wasa da man gyaɗa da albasa a tafin hannu. Ya lashe, ya tsaya yana kallon tukunya. Ta ce, "Malam, yau gaisuwa ce." Ya tafi yana murmushi yana girgiza kai.

Ni dai ina nan a matakin gaisuwa. Na gaida bulgur, na gaida sakwara, na gaida wasa-wasa, kullum sannu da zuwa, kullum Bake tana ƙara ƙiba. Gwaggo ba ta taɓa ce mini "ci" ba. Amma duk kamyon da ya yi ƙara a kan hanyar Gar sai in ƙanƙame allona. Sai labari ya zo cewa motar Baba ta lalace a Gaya ta Nijar, ana jiran ƙarfe daga Najeriya. Gwaggo ta ɗaga hannuwa sama ta ce, "Allah ya ba motar nan hutu mai albarka." Na ce amin da ƙarfi, na kuma ji kunya.

Yanzu bari in tona mata asiri, tunda ba ta nan balle ta jefe ni da muciya. Akwai abincin da Gwaggo Tabawa, uwar masaukin abinci duka, ba ta ci: kifin gwangwani. Bake ce ta gano. Ranar da aka kawo sardin aka yi mana cokali-cokali, muka gaisa, sai Bake ta ɗaga hannu kamar a aji.

"Gwaggo, ke ba ki gaishe shi ba."

"Na gaishe shi tun ba a haife ki ba."

"Ba mu ga kin taɓa da harshe ba."

"Ke, rufe mini baki! Kifin da aka kawo ba kai, da wane baki zai amsa gaisuwa? Wa ya san fuskarsa? Wa ya san iyayensa?"

Ai kuwa sai kantin ya ɗauka gaba ɗaya, ana buga kwanoni: "Ba cewa muka yi ki ci ba! Cewa muka yi ki gaishe shi!" Gwaggo ta tsaya riƙe da ƙugu tana hararar mu ɗaya bayan ɗaya. Can ta ja tsaki, ta tsoma bakin cokalin cikin man, ta runtse ido kamar za a yi mata allura, ta taɓa da harshe. Sannan ta gyara zani, ta taka a hankali har gindin mangwaro, ta juya baya, ta tofar da ladabi. Ta dawo ta ɗan rusuna wa gwangwanin ta ce, "Mun gaisa. Kowa ya zauna gidansu."

Yara suka yi ta birgima. Ni ma na yi dariya har da hawaye, kuma ita ce dariyata ta farko tun rasuwar Inna. Na ga ashe babba ma yana da abin da yake gudu, ba a kuma kore shi daga gari ba. Da yamma muna komawa Gema ta ce, "Na ga haƙoranki yau, 'Yar Gero. Ashe akwai su. To saura su yi aiki."

Da aka yi ɗan hutu ta ɗauke ni zuwa Jugu a bayan motar kaya. Ta nuna mini gidan babanta, da jerin ɗakunan baƙi da awaki suka gaje, tana faɗa mini wanda yake sauka a kowane ɗaki da irin munsharinsa. Washegari ta ce za mu ƙauyen Pelebina wurin ƙawarta Dije, Bafillatanar da take aiko mata da wagashi. Ina jin sunan wagashi na turje.

"Ba ci za ki yi ba," ta ce. "Gidansu za mu. Kin gaishe shi, yanzu sai a san asalinsa."

Muka iske Dije a ruga, tukunyar madara a kan wuta kaɗan-kaɗan. Ta daka tumfafiya ta tace ruwan a ciki. Ina tsaye ina kallo madarar ta tsinke, fari ya taru gefe, ruwa ya koma gefe. Ta kwashe farin cikin 'yan kwanduna ya tsane. Babu jini, babu wuƙa, babu nama. Jan ma, Dije ta nuna mini, karan dafi ne ake tafasa shi da shi kafin a kai kasuwa.

Na ce, "Gwaggo, ashe nono ne!"

"Ƙanen nono ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Nonon da kike shan fura da shi. Wata da watanni kina yi wa ɗan'uwanku kallon banza."

Dije ta gutsuro mini fari, da ɗuminsa. Gwaggo ta juya tana tambayar Dije lafiyar shanu, kamar ba ta san ina wurin ba. Na ce masa sannu, na sa a baki. Ya yi ƙara a haƙorina kamar sabon takalmi. Na haɗiye. Na sake miƙa hannu, Gwaggo ta buge hannun ba tare da ta waiwayo ba. "Yau gaisuwa ce."

A bakin hanya, muna zaune a inuwar kaɗanya muna jiran mota, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce in na saba da abincin garin nan, Inna za ta ga kamar na manta da tuwonta.

Gwaggo ta jawo ni jikinta, ta goge mini fuska da bakin mayafi, da ƙarfi kamar tana wanke tukunya, ita ma idonta ya ciko.

"Innarki ta taɓa sauka a ɗakina," ta ce. "Tana amarya ubanki ya kawo ta ta ga jirgin ƙasa. Na kirɓa sakwara, ta ce mene ne wannan, na ce gaishe ta. Ta gaishe ta, ta cinye malmalarta, ta jawo ta ubanki ta cinye, tana dariya, miya har gwiwar hannu. Sai da na ɓoye tawa."

"Baba bai ci ba?"

"Wannan? Shekara da shekaru yana lodi a Gar da jakar garin geronsa a bayan kujera. Doya ba ta taɓa shiga bakinsa ba. Ke kina tsammani a ƙasa kika tsinci halin?"

Tun daga ranar ta sa ni kirɓi. Taɓaryar ta fi ƙarfina, sai mu kama tare. In na rufe ido, sautin turmin sakwara da na turmin geron Inna duk ɗaya ne a kunnena. Na fara da lomar da ba ta kai kan yatsa ba, Gwaggo kuma ta ci gaba da yin kamar ba ta gani.

Baba ya dawo wata rana da hantsi. Ya riga ya yanke shawara tun a Gaya, har ya aika wa kakata ta gyara mini wuri. Ya aiko a haɗa kayana, yana da lodi da la'asar. Gwaggo ta mayar masa da cewa ita ba ta barin tukunya a kan wuta, in yana son 'yarsa ya zo kantin ya ɗauka.

Ya iso ana layin abinci. Sakwara ce ranar, doyar gonarmu, da miyar gyaɗa da wagashi. Ya dube ni, kuma gaskiya har lokacin ban yi wata ƙiba ba. Ya ce, "Ɗauko takalmanki mu tahi."

Na juya na dubi Gwaggo.

"Zauna tukuna," in ji Gwaggo. Ta tura masa benci irin namu na yara, ya zauna gwiwoyinsa har kusa da haɓa. Ta ajiye kwano a gabansa, ta zare cokali, ta ɗiga masa sakwara ɗis da ɗan miya.

"Mi ke nan, Yaya?"

"Kai ka kafa doka, wanda ba ya cin abincin garin nan a mai da shi ƙauye. Na yarda. Amma dokar mutum biyu ta kama. Ka ajiye lodin Gar, ka je ka zauna wurin tsohuwa, ku yi ta shan fura tare."

"Haba Yaya, ni da gemuna? Gaban ɗiyan mutane?"

"Gemun ne ba ya cin doya?"

Baba ya dubi kwanon kamar an ajiye masa kunama. Na ga gumi a goshinsa, na ga ya harɗe hannuwa ya kafa wa bango ido, sak yadda nake yi. Tausayinsa ya kama ni. Ban san lokacin da na matsa kusa da shi ba.

Na ce, "Baba, ba cewa aka yi ka ci ba. Gaishe ta kawai."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya sunkuya ga kwanon ya ce, da muryar da yake gaida liman, "Salamu alaikum."

Yara suka amsa baki ɗaya, "Wa alaikumus salam!" Har direkta da ya leƙo ta taga ya amsa.

Ni kuwa na jawo kwanona, na yanko loma ta gaske, na dangwali miya, na haɗa da wagashi, na kai baki. Na ƙara, na sake ƙarawa. Ban ɗaga kai ba, amma ina jin idonsa a kaina. Da na ɗago, na ga ya ɗauki ɗan ɗigon nasa da yatsu ya sa a baki. Ya nemi ya tauna, abin ya riga ya wuce.

"Ta gudu," ya ce. "Ban ko kama ta ba."

Aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Idonsa yana kan hannuna, inda miya ta gangaro. A hankali ya ce, "Haka uwarki ta yi. Ta ce in ɗanɗana, na ƙiya." Ya sa hannun riga ya goge ido, ya ce yajin miyar ne. Miyar da Gwaggo take yi wa yara ba ta da yaji ko kaɗan, kowa ya sani, ba wanda ya tanka.

Ya miƙa kwanon. "Yaya, a ƙara kaɗan."

"Yau gaisuwa ce," in ji Gwaggo. Amma ta ƙara masa, malmala guda, kuma shi kaɗai na taɓa gani ta karya wa wannan doka.

Da la'asar kamyo ya tashi da lodinsa, ni ina kan benci da allona kusa da Bake, wadda ta yi kwana da kwanaki tana fushi da ni don rabonta ya yanke.

Na gama wannan makaranta, na wuce gaba, na dawo na koyar a cikinta. Gwaggo ta yi girki har ƙafa ta gaza, sannan ta koma Jugu, ta kori awaki daga ɗaki guda ta zauna. Kifin gwangwani kuwa, har ta bar duniya gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

A ciwonta na ƙarshe aka aiko mini cewa ta daina cin komai. Na iske ta a kwance ta zama 'yar kaɗan, 'yan gidan sun kewaye ta da kwanoni, wannan ya ce ci, wancan ya ce daure ki ci, ita kuwa ta harɗe hannuwa ta kafa wa bango ido. Na ce kowa ya fita. Na dama kunun gero mai ruwa-ruwa, na zauna a bakin gadon, na sa hannu cikin ɗankwalinta. Yana nan. Na ɗebo rabin cokali.

"Gwaggo," na ce, "ba cewa na yi ki ci ba."

Ta juyo da ido a hankali. Bakinta ya motsa, sai da na sunkuya na ji.

"In dai ba kifin nan ba ne."

Muka yi dariya, ni da hawaye. Ta ce wa kunun sannu da zuwa, ta karɓa, ta haɗiye. Na sake ɗebowa, ta girgiza kai. "Gaisuwa ce," ta ce. Ta kama hannuna da cokalin a ciki ta matse, ba ta sake ni ba sai da barci ya ɗauke ta. Cokalin yana wurina yanzu. Ina soke shi a ɗankwali in zan shiga kantin, yara suna yi mini dariya, ni kuma ina barinsu su yi.

Ya Allah, ga baƙuwa nan ta iso gare Ka. Ba ta taɓa tsorata yaro da abinci ba, kuma ta sauke ni lokacin da ba ni da uwa. Ka sauke ta a mafi kyawun masauki, Ka yafe mata kurakuranta, Ka bar ta ta huta gajiyar hanya. Ka haɗa ta da Inna da Baba inda ba a rabuwa, Ka ciyar da ita abincin da ba ta taɓa gani ba. Mun san sai ta fara gaishe shi. Amin.